Yadda Ake Rubuta Salsalar Gida da Manhajar Kwamfuta

A kusan kowane babban gida a Katsina akwai mutum ɗaya, galibi tsohuwa, da ake aika wa in an rikice a kan dangantaka. Ita ta san wa ya haifi wa, wace amarya aka kawo daga Maraɗi, wane yaro aka ba riƙo, su wa suka sha nono ɗaya. Duk wannan a kanta yake, ba a takarda ba. Akwai hadisin da Tirmizi ya ruwaito da ke umartarmu mu san nasabarmu gwargwadon abin da za mu sada zumunci da shi, kuma manhajar salsala tana sauƙaƙa wannan aiki ƙwarai. Sai dai waɗanda suka ƙera manhajojin nan da gidan Bature a ransu suka ƙera su: sunan iyali guda da ake gada, mace ɗaya, ranar haihuwa a rubuce. Gidanmu ba haka yake ba, don haka yawancin aikin shi ne sanin inda za a lanƙwasa manhajar ta ɗauki gidan Bahaushe ba tare da an yi wa kowa ƙarya ba.

Kafin ka kunna kwamfuta

Fara da littafin rubutu da waya mai ɗaukar murya. Rubuta sunayen tsofaffin da suka rage a dangi, ta wajen uwa da ta wajen uba, ka fara da wanda ya fi shekaru ko wanda jikinsa ya fi rauni. Ka je da goro ko ɗan abin hannu, ka gaisa sosai, ka nemi izini kafin ka kunna rikoda. Kada ka shiga da jerin tambayoyi kamar mai ƙidaya. Cewa “Goggo, ba ni labarin gidan da kuka taso” ta fi “Goggo, wace shekara aka haife ki” kawo amfani nesa ba kusa ba, domin a cikin labari sunaye ke fitowa da kansu.

Ka tuna da alkunya. Tsohuwa ba za ta kama sunan mijinta ba, ba za ta kama na ɗanta na fari ba, wani lokaci har da na surukanta. In ta ce “mai gidan nan” ko “yaron nan”, kada ka matsa mata. Ka sa alama a littafi, ka tambayi ƙanwarta ko wata jika daga baya.

Sannan ka bi takardun gida. Malamai da yawa sukan rubuta haihuwar ’ya’yansu a bangon littafi ko a wata ’yar takarda cikin gafaka, da Larabci ko da ajami, da kwanan watan Hijira. Wannan ita ce shaida mafi ƙarfi da za ka samu. Akwai kuma tsofaffin fasfo na aikin Hajji, takardun haraji, takardar sallama daga soja, takardun gida da gona, katin makaranta, da hotuna. Ka ɗauki hoton kowacce a inda take, ka mayar wa mai ita nan take.

Wace manhaja

Ni Gramps nake ba da shawara. Kyauta ce, tana nan tun 2001, tana aiki a Windows da Mac da Linux, kuma da zarar ka sauke ta ba ta buƙatar intanet, bayananka suna cikin kwamfutarka. Abin da ya fi jan hankalina gare ta shi ne tana da kalandar Hijira a cikinta, kuma tana barin mutum ɗaya ya ɗauki sunaye da yawa.

Wanda ba shi da kwamfuta zai iya farawa da Family Gem a wayar Android. Akwai kuma FamilySearch, wanda cocin Mormon na Amurka ke gudanarwa kyauta, amma salsalarsa ta tarayya ce: duk mamacin da ka shigar, wani mai rajista zai iya gani har ya canza. Ancestry da MyHeritage kamfanoni ne da ke karɓar kuɗi a kan yawancin ayyukansu, kuma ƙarfinsu a takardun Turai da Amurka yake. Ko wacce ka zaɓa, ka tabbata tana fitar da fayil irin na GEDCOM. Shi ne tsarin da aka yi tun 1984 don manhajojin salsala su riƙa karɓar bayanai daga juna, kuma shi zai ba ka damar ƙaura zuwa wata manhaja ba tare da sake rubutu ba.

Bayan ka ɗora Gramps, shiga Family Trees, zaɓi Manage Family Trees, danna New, ba salsalar suna, sannan ka buɗe ta. Kafin ka shigar da kowa, shiga Preferences ka gyara abu biyu. Na farko, wurin da aka rubuta Surname guessing ka mai da shi None, in ba haka ba manhajar za ta riƙa liƙa wa kowane yaro sunan ƙarshe na ubansa da kanta. Na biyu, ka buɗe folda guda don hotuna ka nuna wa manhajar ita. Gramps ba ta kwafe hoto, hanyar zuwa gare shi kawai take riƙewa, don haka in ka matsar da shi daga baya sai ta neme shi ta rasa.

Yanzu shiga People, danna alamar ƙari, ka shigar da kanka. Daga kanka ake farawa a yi sama, ba daga kakan kaka a gangaro ba, domin abin da ka tabbatar shi ne zai riƙe abin da ake zato. A ɓangaren Relationships za ka ga maɓallan ƙara iyaye da ƙara abokin aure.

Suna

Nan ne aikin ya fi cin lokaci. A gidan Given ka sa sunan yanka. Laƙabi ya shiga gidan Nick. A gidan Surname ka sa sunan mahaifi, ka zaɓi Patronymic a matsayin asalin sunan. In mutum ya shahara da sunan gari, kamar yadda ’yan makarantar boko na da suka riƙa ɗaukar Kankiya ko Mashi ko Dutsin-Ma, ƙara shi a matsayin suna na biyu ka zaɓi Location. Malam da Alhaji da Hajiya da sarauta duk su tafi gidan Title. Mace kuwa da sunan mahaifinta za ka rubuta ta, ba da na miji ba. In ka sa mata sunan miji ka datse hanyar da za a bi a kai ga danginta.

Babban haɗari shi ne ka shigar da mutum ɗaya sau biyu. Baffa ya ce maka Garba, goggo ta ce Habu, takarda ta ce Abubakar, alhali mutum ɗaya ne. Haka Sanda da Umaru, Iro da Ibrahim, Shehu da Usman, Indo da A’ishatu, Binta da Fatima, Kulu da Hauwa, Abu da Zainabu. Ka tsayar da salon rubutu guda ga kowane suna, sauran ka zuba su a shafin Names na mutumin a matsayin Also Known As. Sai kuma akasin haka, wato mutum biyu su zama ɗaya, saboda mayar da suna. Jikan da aka sa wa sunan kaka ana ce masa Abba ko Baba, jikanya Ummi ko Mama, kuma a gida ɗaya sai ka sami Muhammadu shida. Gramps tana ba kowane mutum lambarsa, irin I0001, I0002. Ka riƙa rubuta lambar kusa da suna a littafinka. Lokaci lokaci ka shiga Tools ka kunna abin da ke neman mutanen da wataƙila an maimaita, amma kada ka haɗe biyu sai ka duba iyaye da mata sun yi daidai.

Sunayenmu kuma shaida ne ga mai lura. Lawal, Sani, Salisu, Rabi’u, Hamisu suna nuna jerin haihuwa, don haka in ka sami Salisu ba ka ji labarin Sani ba, akwai yaron da ya rasu ko aka manta, sai ka tambaya. Tanko ya biyo mata, Kande ta biyo maza, Gambo ya biyo tagwaye. Audi bayan rasuwar uba aka haife shi, wato shekarar haihuwarsa ta ba ka shekarar rasuwar mahaifin, ko kusa da ita. Azumi da Ɗan’azumi sun ba ka wata, Ladi da Ɗanjuma da Talatu sun ba ka rana, Nomau ya ba ka lokacin shekara. Ka rubuta irin wannan a Notes a matsayin alama, domin wani sunan gado ne aka mayar, ba ya nuna komai game da haihuwar mai shi.

Ɗakuna, riƙo da nono

A Gramps kowane aure iyali ne mai zaman kansa. Mutumin da ya auri mata bakwai a rayuwarsa yana da iyali bakwai, har da waɗanda suka fita da waɗanda ba su haihu ba. Kowane yaro ya shiga ƙarƙashin ɗakin mahaifiyarsa. Kada ka tara ’ya’ya ashirin a ƙarƙashin uba ka bar gurbin uwa fanko don sauri, domin daga nan ba wanda zai iya bambance shaƙiƙai da ’yan uba. In ba a tuna sunan matar ba, ka buɗe mata gurbi duk da haka, ka rubuta a bayaninta abin da aka sani: “uwar su Tanko, mutuniyar Jibiya ce”. Akwai kibiyoyi na jera yara daga babba zuwa ƙarami, da maɓallin jera aure daga uwargida zuwa amarya. In an yi saki an yi kome, iyalin ɗaya ne, sai ka ƙara saki da sabon ɗaurin aure a Events.

Ina nanata maganar mata ne saboda salsalarmu ta baka maza take bi: wane ɗan wane ɗan wane. Hawa uku in ka yi sama, sai ka ga sunayen iyaye mata sun ɓace, alhali ta wajensu rabin zumuncin yake, kuma ta wajensu ake gane yadda gidan Rafindadi ya haɗu da na Gambarawa ko na Daura.

Yaron riƙo ka sa shi a wuri biyu. A wajen iyayen da suka haife shi dangantakar Birth ce, a wajen mariƙa ka zaɓi Foster. Agola kuma Stepchild ne ga mijin uwa. Shari’a ba ta yarda a jingina yaro ga wanda ba ubansa ba, manhajar kuma ta ba ka hanyar girmama mariƙi ba tare da ka taɓa nasaba ba.

Shayarwa ba ta da gurbi na musamman, amma kowane mutum yana da shafin Associations. Ka haɗa yaron da matar da ta shayar da shi, ka rubuta “uwar shayarwa”, ka sa sunan wanda ya shaida. A ganina wannan yana cikin abu mafi amfani da za ka rubuta, tunda nono yana haramta aure, kuma waɗanda suka sani su ne tsofaffin da ke tafiya.

Auren zumunci zai sa mutum ɗaya ya bayyana ta hanya biyu, a ce matar kawunka ’yar goggon mahaifinka ce. Kada ka sake shigar da ita. Wajen ƙara abokin aure akwai maɓallin zaɓo wanda yake ciki tuntuni, shi za ka danna.

Shekaru

Kada ka ƙirƙiri rana. Kusa da gidan kwanan wata akwai ’yar alamar kalanda. In ka danna ta za ka iya zaɓar About don “wajen”, Before don “kafin”, After don “bayan”, ko Range don “tsakanin kaza da kaza”. A nan ne kuma za ka mai da kalandar Islamic in takardar da Hijira aka rubuta ta. Ka shigar da ita yadda take, kada ka juya da ka. Shekarar Hijira ta gaza ta Miladiyya da kwana 11, kuma don ka sami madogara, 1400 ta kama ne a Nuwamban 1979.

Tsofaffi da abin da ya faru suke lissafi, kai ne za ka mai da shi lamba. A Katsina sarautar Sarki Dikko daga 1906 ce zuwa 1944, Usman Nagogo daga 1944 zuwa 1981, Muhammadu Kabir daga 1981 zuwa 2008. A Daura Sarki Abdurrahman ya rasu a 1966, Muhammadu Bashar ya gaje shi har 2007. Yunwar Kakalaba 1914 ce. Yaƙin Hitila 1939 zuwa 1945. Zuwan Sarauniyar Ingila 1956, kisan Sardauna Janairun 1966, yaƙin basasa 1967 zuwa 1970, canjin hannu 1972, canjin kuɗi daga fam zuwa naira 1973, kisan Murtala Fabrairun 1976. In tsohuwa ta ce tana goyon wane Sarki Dikko ya rasu, ka sa haihuwarsa tsakanin 1942 da 1944, ka rubuta maganarta yadda ta faɗa.

Takardar rantsuwar shekaru ta kotu ka karɓe ta da taka-tsantsan. Da yawa don makaranta ko aiki aka yi su, shi ya sa 1 ga Janairu ta yi yawa a cikinsu. Ka shigar da ita, amma in ta ci karo da rubutun malam a bangon littafi, rubutun malam ne gaba.

Duk wanda ka san ya rasu ka sa masa Death ko da ba ka san shekara ba. In ba ka sa ba, manhajar za ta iya ɗaukarsa rayayye, tunda har shekara 110 take ba mutum.

Wa ya faɗa

Wannan matakin ne mutane suka fi tsallakewa, kuma shi ne ke raba salsala da jita-jita. Manhaja kamar rumbu take, abin da ka zuba shi za ka ɗiba. Kowace hira ka buɗe mata Source: sunan wanda ya yi magana, inda aka yi, da ranar. Kowace takarda ma haka. Sannan duk haihuwa ko aure ko rasuwa da ka shigar, ka liƙa mata Citation da ke nuna daga ina ta fito, ka zaɓi ƙarfin amincewarka, daga Very Low zuwa Very High. Wanda ya gani da idonsa ba ɗaya yake da wanda ya ji a bakin wani ba.

In baffa ya ce kakanku daga Maraɗi ya zo, goggo ta ce daga Tasawa, ka rubuta duka biyun, kowanne da mai shi. Ba aikinka ba ne ka yanke hukunci yau, wataƙila wata takarda ta fito nan gaba.

Haka batun asali mai nisa. Gidaje da yawa suna jingina kansu ga wani babban malami irin Ɗan Marina ko Ɗan Masani, ko ga wanda ya yi jihadi tare da Ummarun Dallaje, ko ga zuriyar Bayajidda. Ka rubuta wannan a Notes da girmamawa, domin shi ma tarihin gida ne. Amma kada ka ja layin haihuwa in sunayen tsakani ba su cika ba. Yi lissafi: in an ce kakan mutumin da aka haifa a 1950 ya yi yaƙi a farkon shekarun 1800, akwai suna ɗaya ko biyu da suka faɗi a hanya. Wanda yake son ya zurfafa, musamman in gidansu na sarauta ne ko alƙalanci, zai iya neman takardun Lardin Katsina a Ma’ajiyar Tarihi ta Ƙasa da ke Kaduna, ya leƙa Gidan Arewa (Arewa House), cibiyar binciken tarihi da ke Kaduna, ya kuma tuntuɓi Hukumar Tarihi da Al’adu ta Jihar Katsina.

Wurare ka rubuta su tun daga unguwa ko ƙauye, ka sa kowanne a cikin na sama da shi. Ka lura Jihar Katsina a 1987 aka yi ta, kafin nan Jihar Kaduna ce, daga 1967 zuwa 1976 kuma Arewa ta Tsakiya.

Akwai abubuwan da za ka ji waɗanda ba na bango ba ne: asalin bauta, wadda aka sa a ɗaka, cikin da aka yi gardama a kansa, rikicin gado. Kusan kowane shafi a Gramps yana da alamar kwaɗo. In ka kulle shi, bayanin ya zama na sirri, kuma za ka iya hana shi fita a rahoto. Wani abin ma ko a kwamfuta bai kamata ya shiga ba sai da yardar manya.

Fitar da rahoto

Zaɓi kakan da kake son farawa daga kansa, shiga Reports, sai Graphical Reports, sai Descendant Tree. Zai zana maka shi da matansa da zuriyarsa. Ka iyakance hawa uku ko huɗu, domin gidan da ke da ɗakuna da yawa yana faɗaɗa har rubutu ya ƙanƙance. Ya fi kyau a yi wa kowane reshe takardarsa. Ka fitar da shi PDF, ka kai shagon buga takardu su buga a A3, ko wajen masu buga manyan allunan talla in na taron zumunci ne. Ancestor Tree kuwa daga mutum yake hawa zuwa kakanninsa, ya dace da kyautar aure ko suna. Don littafi, Detailed Descendant Report ne a ƙarƙashin Text Reports. Da Turanci jimlolinsa za su fito, sai ka adana shi a tsarin OpenDocument ka buɗe a LibreOffice ko Word ka mai da shi Hausa da hannunka. A Tools kuma akwai Relationship Calculator, mai nuna ta wane kaka mutum biyu suka haɗu.

A kowane rahoto ka duba zaɓin rayayyu da na bayanan sirri kafin ka danna OK. Halin tsaron da wasu sassan jiharmu ke ciki ya isa dalili. Takardar da ke ɗauke da sunan mutum da matansa da ’ya’yansa da ƙauyensu da aikinsa bai kamata ta yi yawo a Facebook ko a babban zauren WhatsApp ba. Lambar waya da adireshi kada su shiga abin da za a raba ko kaɗan.

Bugun farko ka ɗauke shi na gyara. Ka kai shi gida lokacin Sallah da dangi ke haɗuwa, ka shimfiɗa, ka ba mutane biro. Ka karanta wa tsofaffin da ba sa karatun boko da ƙarfi, ɗaki bayan ɗaki. A nan za a tuna yaran da suka rasu suna ƙanana, da matar da aka manta, da ɗan’uwan da ya tafi Makka a ƙasa ya zauna a Sudan. Kowane gyara ka rubuta sunan wanda ya yi shi, ka shigar da shi a matsayin sabuwar shaida.

Duk ranar da ka yi aiki mai yawa, shiga Family Trees ka danna Make Backup, ka zaɓi a haɗa da hotuna. Kwafi ɗaya a filas, ɗaya a imel ko Google Drive, ɗaya a hannun wani ɗan’uwa da ba gida ɗaya kuke ba. Ka sa kwanan wata a sunan kowane kwafi. Muryoyin hirar ma ka kwashe su daga waya zuwa wuri ɗaya da hotunan, ka sa wa kowacce sunan mai magana. Ka fitar da GEDCOM ka tura wa mai Family Gem in yana son gani a waya, amma gyara a hannun mutum ɗaya zai riƙa shiga, sauran su aiko masa. Sannan ka zaunar da ƙanwa ko ’ya guda ka nuna mata yadda ake buɗe ajiyar a wata kwamfuta, ku gwada tare har ta buɗu.